Turancin Kaka Mai Wutsiya Ɗaya

"...ya gida, Amaryata? Yau kuma wa ya taɓo min ke?"

Kaka ba ta amsa gaisuwar jikanta Dogo ba. Tana kan keken ɗinki, waya a jingine da gwangwanin maɓallai. Yau 'yarta da ke aure a ƙasar waje za ta kira, Kaka kuwa ta rantse sai ta yi magana da autar jikokinta, wadda ko "zo" ba ta ji da Hausa. Wancan karon yarinyar kallon ta kawai ta yi, ta gudu. Abin ya tsaya wa Kaka a rai, shi ya sa ta ɗauki Dogo malamin Turanci. Ta kuwa ɗebo wa kanta.

"Kada ka ƙara ce min amarya, mijin banza! Tun yaushe kake cinye min abinci? Me ka koya min?"

"Kalmomi masu wutsiya ɗaya, don kada tsohon kai ya ɗau zafi. Maimaita. Light?"

"Haske."

"Night?"

"Dare."

"Fight?"

"Faɗa. Shi za mu yi yanzu!"

"Tight?"

"Matsattse, irin wandon nan naka na marasa kunya. To in yarinya ta fito in ce mata me? Haske, dare, faɗa, matsattse? Ta ce kakarta ta zare?"

"Ai ba ƙarya za ta yi ba."

"Ungo naka! Su ma Turawan ragwaye ne irinka, sun samu wutsiya ɗaya sai sauya mata kai suke yi."

"Ke da haƙora uku suka rage miki, da me za ki tauna dogon Turanci?"

"Da su zan cije ka! Ba ni takardata, na gaji da auren nan!"

Dogo ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Kai wasa ka ɗauke shi. Ni tsoro nake in mutu jinina bai san muryata ba."

Kafin ya buɗe baki waya ta ɗau ƙara. Kaka ta damƙi rigarsa, Turancin duk ya gudu ya bar ta. Fuskar yarinyar ta cika waya, ta buɗe baki a hankali.

"Kaka... ina wuni? Ina... son ki."

Kaka ta dafe ƙirji. "Wa ya koya mata?"

"Wani mijin banza. Kullum in na tashi daga nan ita nake kira. Kanta na ja, ba irin na wasu ba."

Kaka ta goge ido da bakin mayafi, ta kai baki har jikin waya, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji:

"Lafiya lau, Light ɗina!"

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, wannan karon ba ta gudu ba. Kaka ba ta ko waiwayi Dogo ba, ƙafa ta sa ta turo masa kwano daga ƙarƙashin keke.

"Akwai nama. Tsoka ɗaya, ɓarawo! Takardar kuma ka bar ta tukuna."