Facin Tamfol ɗin Kifi

Hajara, matata da muka shekara ashirin tare, ita ta liƙa min sunan Injiniya, kuma har gobe ban yafe ba.

Lokacin da kowa ya shiga kiwon tarwaɗa, na kafa katako a gefen gonar albasata a Bunkure, na shimfiɗa tamfol ɗin roba a ciki, na janyo ruwan kanal ɗin noman rani na zuba kifi. Wata safiya na tarar ruwa yana tsiyaya. Ƴar huda ce a gefe, yatsa ɗaya zai toshe ta.

Hajara ta kawo min koko, ta duba ta ce, "Malam, a kira mai gam ɗin nan na Kura."

Na ce, "Ni da na shekara bakwai ina facin taya?"

Na rage ruwa, na ɗora faci, na gasa ƙarfe na danna, yadda nake wa tayar babur. Har da fito nake yi. Da na ɗaga, roba ta narke, hudar ta kai faɗin faifai, ta tsage har ƙasa. Tarwaɗata kaf ta fantsama cikin fangalin albasa.

Hajara ba ta yi dariya ba. Ta tuɓe takalmi, muka yi ta tsinta cikin taɓo. Ta banda kifin, ta aika wa maƙwabta, wai saƙon Injiniya ne.

Yanzu har limami haka yake kira na. Rannan na tsare ta na ce, "Hajara, sunan nan ya ishe ni a bakin kowa. Ke kaɗai na yarje wa, ke ma a cikin gida."