Ranar da Na Kai Kyankyasai Taron Kamfani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na saki kyankyasai a kan teburin taro ba, a wani babban otal da ke tsakiyar Abuja, a gaban mutane masu kwat da nakatayi. Rayayyu, da ƙafafunsu. Ni na ɗauko su da hannuna tun daga Wuse, har a tasi na shigar da su.

Sana'ata gyaran gem. Akwatin nan da ake jonawa da talabijin a buga ƙwallo ko a yi tseren mota, shi nake nufi. Ban yi boko ba. Daga gona na fito, can wajen Yangoji. Na yi dako, na tura baro, na kwana a ɗakin langa-langa a Durumi har rusau ya tashe mu sau biyu. A na biyun katafila ta haɗa da ɗan kes ɗin da nake gyaran rediyo a ciki. Na tsira da sukudireba uku da rigar jikina. Alhaji Mudi, wani Bazazzagi mai sayar da gem a kasuwar Wuse, shi ya tsince ni a bakin kwata, ya ce in kawo tebur in ajiye a ƙofar shagonsa. Bai tambaye ni takarda ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada in jawo masa abin kunya. Shekara tara ina riƙe da wannan sharaɗi. Teburin nan shi ne gonata, da shi matata da 'ya'yana uku suke ci.

Shagon da ke kallon namu na Bulus ne, mutumin Kudancin Kaduna, shi ma gem yake sayarwa. Ya yi karatu, kullum idonsa na kan waya. Ba ma shiri, ba ma kuma rabuwa. Da aka fara raɗe-raɗin cewa kamfanin da ke ƙera akwatin da muka fi sayarwa (ba zan kama suna ba, na riga na yi musu abin da ya isa) zai fitar da sabo, sai muka samu abin musu na kullum.

"Oga Injiniya," haka yake kirana don tsokana, "sabon da za su fitar ba shi da ramin faifai. Komai ta intanet za a sauke. Ka fara neman wani aiki."

"Da datar wa?" in ji ni.

"Ba ka gane ba. Za su sayar da akwatin da araha, su kama mutum da biyan wata-wata. Nan ribar take."

"Mutumin da ke kawo faifai biyu ya musanya da ɗaya, shi zai yi biyan wata-wata? Ɗan boko, kanka ya ɗau zafi, kawo in sa maka fanka."

Alhaji kuwa ba ya shiga. In an matsa masa sai ya ce, "Ko da ƙaho za su yi shi, su dai kawo kafin Disamba."

Ni ma ina da nawa tsarin, in da kamfanin nawa ne. Su bar ramin faifai, don a nan faifai kamar akuya yake, ana saye ana sayarwa ana ba da aro. Su sa abin da zai tare wuta idan masu wuta suka kawo ta da hauka. Sannan babban cikinsu, wanda babu wanda ke faɗa a wayar Bulus: su sa raga a ramukan shan iska. Domin abin da ya fi kashe gem a garin nan kyankyaso ne. Cikin akwatin akwai ɗumi, akwai duhu. Sai ya shiga ya yi aure ya hayayyafa, ranar da ɗaya ya taka inda bai kamata ba, shi da akwatin su tafi lahira tare.

Saboda haka muke da ƙa'ida a wannan sana'a. Ba a buɗe akwatin kwastoma ranar da ya zo. Sai ka sa shi a baƙar leda, ka ƙulle, ka ɗora a kan rufin kwano kwana biyu rana ta gasa. Duk mai rai a ciki zai mutu. Sannan ka buɗe ka share. Kowane mai gyara ya san wannan. Ni na koya wa rabinsu.

Ana nan sai ga takardar gayyata. Kamfanin ya turo wakiliya ta ji ra'ayin 'yan kasuwa kan sabon akwatin, kuma a nan za ta duba shagunan da za a fara ba kaya idan ya fito. Alhaji ya daɗe yana son wannan. Sai aka bugo masa daga Zariya mahaifiyarsa ba lafiya. Ya kira ni.

"Za ka je a madadina. Ka zauna. Ka ci abin da aka ba ka. In an tafa, ka tafa. Bakinka ƙanin ƙafarka. Ka ji?"

"Na ji, Alhaji."

Na ji ɗin. Amma wata biyu ina faɗa wa Bulus abin da kamfani ya kamata ya yi, yau ga kamfani da kansa ya zo har gida. Na ce a raina ba zan yi magana ba, amma zan riƙe hujja, ko da za a tambaya. Akwai wani akwati da aka kawo daga wani gidan gem a Durumi, wanda ke jingine da shagon mai abinci. Daga warinsa na san garin kyankyasai ne guda a ciki. Nufina in nuna gawarwaki. Na ƙulle shi a leda na ɗora a rufi ranar Laraba da azahar. Taro Alhamis da safe. Damina ce, hadari ya rufe sama, ranar ko kare ba ta kora inuwa ba. Da safe na sauko da shi, na girgiza, na kara kunne. Shiru. Na ce sun mutu. (Mutum idan yana son abu ya zama gaskiya, ko kyankyaso sai ya taya shi yin shiru.)

Na ari kaftani wurin maƙwabcina, hannun ya fi nawa tsawo. Ni da Bulus muka shiga tasi ɗaya. Ya kalli ledar.

"Mene ne wannan?"

"Takarduna."

Ɗakin taron sanyi kamar cikin firji. Dogon tebur da farin ƙyalle, ruwan gora, samosa da mitfai an jera. Madam ɗin kamfani daga Legas ta zo, doguwa, da tabarau, da gashi mai tsada har kafaɗa. Turanci ake yi. Ina tsintar ɗaya in bar goma. Na ci samosa biyu, an tafa na tafa. Har nan ina kan maganar Alhaji.

Sai Madam ta tambaya, me zai sa kwastomominmu su sayi sabon akwatin. Wani ya ce a yi shi kala-kala. Wani ya ce a ƙara masa gudu. Bulus ya miƙe ya zuba maganarsa ta biyan wata-wata, da Turanci mai santsi, aka yi masa tafi har Madam ta gyaɗa kai. Wannan tafin ne ya kashe ni. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Oga," Bulus ya raɗa mini, "me Alhaji ya ce maka?"

"Kai dai fassara mini," in ji ni.

Na miƙe. Na faɗi maganar faifai, Bulus ya juya ta Turanci. Madam ta rubuta. Na faɗi maganar wuta, mutane suka ce haka ne, ta sake rubutawa. Ni da ban taɓa ganin an rubuta maganata ba sai a ofishin 'yan sanda, yau ga mace mai tabarau tana rubutawa. Kaina ya kumbura ya fi ɗakin. Na ce na uku ba a faɗa da baki, sai an gani. Na ɗora ledar a kan farin ƙyalle, daidai gaban Madam. Na kwance. Na zaro sukudireba daga aljihun kaftani. Kusoshi huɗu. Kowa ya matso ya leƙo. Na ɗaga murfi.

Gashin baki na fara gani, guda biyu, suna motsi a hankali kamar mai tambayar wa ya kunna fitila. Sai babbansu ya fito. Bayansa kuma duk zuri'a.

Ban san adadinsu ba, ba wanda ya tsaya ƙirga. Manya, matsakaita, da 'yan ƙanana kamar riɗi. Suka watsu a kan farin ƙyallen nan, kowa ya kama gabansa. Wasu suka nufi samosa. Wasu suka shige kwamfutar Madam ta ramin iska (abin da nake son in bayyana ke nan, amma ba wanda ya tsaya sauraro). Wani ƙato mai tumbi da ya ce a yi kala-kala, sai ga shi a kan kujera yana kiran sunan Yesu. Wani Alhaji ya yar da hula yana salati. Sannan ɗaya, irin mai fiffiken nan da ba ya tashi sai ya ga taro, ya tashi ya zaga ɗakin sau ɗaya ya sauka a gashin Madam. Ihun da ta yi, na tabbata an ji shi a bakin titi.

Ni kuwa ina tsaye, murfi a hannun hagu, sukudireba a dama, guda biyu suna hawa cikin hannun kaftanin aro. Duk abin da bakina ya iya fitarwa shi ne:

"Wallahi ba haka muka yi da su ba."

Bulus bai fassara wannan ba. Allah ya saka masa.

Masu gadi biyu suka riƙe ni. A lokacin ba kunya na fara ji ba. Teburina na gani. Na ga kaina ina naɗe wayoyi ina zubawa a buhu, na ga bakin kwatar da Alhaji ya tsince ni. Katafila sau biyu ta tashe ni, na ce wannan karon ni na tuƙo ta da kaina.

Sai Bulus ya cire takalminsa, sabo fil, na zuwa coci. Ya bi teburin nan yana duka, fas, fas, fas, yana magana da ƙarfi cikin Turanci. Daga baya ya faɗa mini abin da ya ce. Ya ce duk wanda ke sayar da gem a ɗakin nan kuma bai taɓa ganin wannan a cikin akwati ba, ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Ya ce mutumin nan bai iya Turanci ba, bai kuma iya zaman otal ba, amma shi kaɗai ya kawo abin da ba za a samu a intanet ba. Mutumin da na yi wata biyu ina cewa kansa na buƙatar fanka.

Madam, bayan an cire mata baƙon daga gashi, ta matso da nisa-nisa ta ɗauki hoton cikin akwatin. Ta tambayi magani. Na zaro ɗan yankin ragar taga da nake mannawa a ramukan na nuna mata. Ta karɓa da yatsa biyu. Bayan nan aka canza musu ɗaki, ni kuma aka raka ni waje ta ƙofar kicin, da ni da akwatina. Na zauna a wurin ajiye motoci ana yayyafi. Da aka tashi Bulus ya fito ya miƙo mini mitfai a nannaɗe.

"Ci. Wannan ba su taka ba."

Kafin Alhaji ya dawo ranar Asabar, bidiyon da wani ya ɗauka a taron ya riga shi zagaya kasuwa. Har Zariya aka tura masa. Sunayen shagunan da aka zaɓa ma sun fito. Akwai na Bulus. Babu namu. Na zo da sassafe na tattara kayana a buhu, don kada sai an ce mini.

Alhaji ya zo ya buɗe shago, ya zauna, ya ciro waya. Ya kalli bidiyon a gabana sau uku. Ina jin muryata tana fitowa, ba haka muka yi da su ba, ba haka muka yi da su ba.

"Me na ce maka?"

"Bakina ƙanin ƙafata."

"Kwana nawa akwati yake yi a rana?"

"Biyu, Alhaji."

"Kai nawa ka yi?"

"Rabin yini. Da hadari."

Ya kalli buhun. Sannan ya ce, "Abin da na yi shekaru ina nema ka ɓarar mini cikin minti ɗaya. Ba zan ce ban ji zafi ba. Amma shekara tara ko allura ba ka taɓa ɗaukar mini ba. Mai da kayanka. Sai dai daga yau ko taron suna ba za ka sake wakiltata ba." Ya juya zai shiga ciki, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake, yana ɓoyewa. Na sunkuyar da kai na yi ta kwance buhu, don idona ya kawo ruwa, kuma ba na son Bulus ya gani.

Da yamma Bulus ya tsallako ya ce wa Alhaji idan kaya sun zo za su raba. Alhaji ya ce Allah ya yi albarka. Ni ban iya irin wannan maganar ba. Takalmin Bulus na karɓa na kai aka wanke.

Sabon akwatin bai fito ba har yanzu. Ko za su sa raga, ko hoton Madam ya tsaya a wayarta, Allah masani. Bulus na nan kan bakansa cewa ba faifai, ni ina kan nawa. Abin da na koya dai biyu ne. Ƙa'idar da ka koya wa mutane, kai ma ta hau kanka. Kuma duk hujjar da ke da ƙafa shida, hotonta ake kaiwa taro.

Ina nan a Wuse, ƙofar shagon Alhaji Mudi, a teburin nan dai. In ka zo kada ka tambayi Injiniya, ba wanda zai gane. Ka ce Mai Kyankyaso. Za ka ga baƙaƙen ledoji jere a kan rufi. Yanzu kwana uku nake ba su.