Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Malam Zaharaddin

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Malam Zaharaddin Kailu na unguwar Bromakoté, tsohon shugaban sashen kwamfuta a wata jami'a mai zaman kanta da ke Treichville, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk ɗaliban da suka taɓa shan faɗansa rasuwar kwamfutarsa ta tebur, wadda kowa ya sani da Tsohuwa. Ta cika ne a daminar nan, a kan bencin mai gyara a kasuwar Adjamé, bayan doguwar jinyar da mai ita ya yi ta musantawa. Ta tafi da takardun darasi da hotunan yaye ɗalibai, waɗannan duk Malam ya ce ya yafe. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne ta tafi da muryar mahaifinsa, marigayi Alhaji Kailu, kuma muryar ba ta ko'ina a duniya sai cikinta.

Ba a san ranar haihuwar marigayiya ba. An dai san ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Treichville cikin kwantena, tsakanin tsofaffin firji da tayoyin mota, irin kayan da mutanen Abidjan ke yi wa laƙabi da "Faransa sai wata rana". Malam yana sabon ma'aikaci ya gan ta, ya rungume ta a cinya cikin gbaka, ƙaramar motar haya, har gida. Da ita ya shirya darussan da ya koyar a jami'a, a kanta ya gwada duk abin da yake tsoron gwadawa a injinan ofis, kuma ba ta taɓa kai ƙararsa ba.

An shaide ta da haƙuri. Bayan Malam ya yi ritaya ya buɗe ajin koyon kwamfuta a zaurensa, Tsohuwa ta karɓi dillalan shanu da mahauta da 'yan kasuwar da ke shigo da kaya, mutanen da ke danna harafi kamar suna kashe kyankyaso. Wani Alhaji ya taɓa ɗaga linzaminta sama yana nuna fuskarta da shi, yana jira ta canza tasha. Ta jure. Aibinta ɗaya ne, ba ta son a tashe ta da gaggawa. Sai ta ce "gurrr", ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ce "tit", kuma kafin ta gama shiri mutum ya isa ya sha shayi ya wanke kofi.

A shekarun Alhaji Kailu na ƙarshe ne Malam ya riƙa zaunar da shi gabanta yana ɗaukar muryarsa. Tsohon dillalin shanu ne, da ƙafa ya fara koro garke daga Arewa har bakin teku, bai kuma sake komawa gida ba. Bai taɓa yarda da na'urar ba. Kowane zama sai ya fara da tari, sannan ya ce, "Kai Zaharaddini, abin nan yana ji na kuwa?" Daga nan sai ya kama hanya: garuruwan da suka yada zango, kogin da ya ci masa bijimi, sunayen dangin da ya baro. Bayan rasuwarsa, duk Juma'a in an sauko daga masallaci Malam kan kunna shi yana duba takardun jarrabawa, 'yarsa Firdausi tana wasa a ƙarƙashin tebur. Haifaffiyar Abidjan ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da neman ƙarin miya ba, Faransanci kuwa har a mafarki.

Masu ta'aziyya za su so tambaya, don haka gara a amsa musu tun yanzu. E, wannan Malam Zaharaddin ɗin ne dai, wanda ya shafe aikinsa yana wa'azin ajiye kwafi, wanda ba ya fara darasi sai ya buga tebur ya ce "sovgardi", wato ajiye kwafi da Faransanci, wanda ya taɓa sa ɗalibi kuka saboda kundinsa ya ɓace. Kuma a yi masa adalci, ya ajiye kwafin muryar, a babban injin jami'a. Sai dai shi da kansa ya kafa doka cewa duk ma'aikacin da ya bar aiki, a share ma'ajiyarsa a ƙarshen zangon, ba roƙo ba sanayya. Manyan farfesoshi sun zo masa da murya ƙasa-ƙasa, ya ce doka ba ta san furfura ba. Da ya yi ritaya, ɗalibarsa Iklima ta gaji kujerar. Ta kira shi ya zo ya kwashe kayansa, ta sake kira, ya ce gobe. Yana da Tsohuwa a gida, kuma a can ƙasan ransa bai taɓa zaton za a yi wa mai doka aiki da dokarsa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da mantuwa. Kullum ta farka sai ta ɗauka ana shekarar da aka ƙera ta. Daga baya ta soma wani "ƙas, ƙas, ƙas" daga ciki. Malam yana da darasi guda sukutum a kan wannan ƙarar, yakan ce wa ɗalibai duk wanda ya ji ta ya bar abin da yake yi ya kwashe kayansa. Da ya ji ta a ɗakinsa, sai ya ce sanyin damina ne, ya lulluɓe ta da darduma. Ranar da aka yi ruwan da ya cika titin Bromakoté, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. Tsohuwa ta ce "gurrr", aka jira "tit" har shayi ya huce, bai zo ba.

An garzaya da ita wurin Sharhabilu mai gyara, shi ma tsohon ɗalibi ne. Ya buɗe ta, ya kara kunne, ya gwada a wannan inji ya gwada a wancan, sannan ya cire hularsa. Ya yi masa jaje irin na Abidjan, ya ce, "Yako, Malam. Diskin ya tafi, wallahi ko a Faransa sai dai addu'a. Amma ai ku kuna da kwafi." Malam ya tari mota sai jami'ar da ke Treichville. Iklima ta durƙusa ta gaishe shi, da ta ji abin da ya kawo shi idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Malam, ku kuka ce ko mahaifina ne kada in ɗaga ƙafa. Na share tun zangon da kuka tafi." Ya ce ta yi daidai, da ta bari da ya ji kunyar koyar da ita. Bai yi kuka ba sai da ya hau gada a hanyar komawa gida.

Marigayiya ta bar fuska ɗaya mai ƙaton ƙeya, da allon madannai wanda haruffansa suka goge sai mai shi kaɗai ke gane su, da linzami mai ɗingishi, da lasifika biyu da ba su da sauran abin faɗa. Ta bar ɗalibai a bankuna da ofisoshin tashar ruwa da rumfunan Adjamé, dukkansu masu ajiye kwafi.

Firdausi ta zo ta'aziyya daga wurin aikinta, ta tarar da mahaifinta zaune gaban teburin da babu kowa a kai. Ya gaya mata ba kwamfutar yake wa kuka ba, ya rasa ubansa ne karo na biyu, kuma wannan karon da hannunsa. Ta zauna a ƙasa. Can sai ta yi tari, irin na tsohon mai cin goro, ta ce da murya mai kauri, "Kai Zaharaddini, abin nan yana ji na kuwa?" Ta ci gaba, zango bayan zango, har kogin da ya ci bijimi, da inda tsohon ke tsayawa ya yi dariya, babu kalmar da ta faɗi ba daidai ba. Sai ta tsaya ta tambayi ma'anar wata kalma da Faransanci, ta ce, "Baba, burtali, ça veut dire quoi?" Ashe ta haddace tun tana ƙarƙashin tebur, ba ta san rabin abin da take faɗa ba. Ba duka ta riƙe ba. Barci kan ɗauke ta kafin tsohon ya kai ga dalilin da ya hana shi komawa gida, wannan kam ya bi Tsohuwa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a zauren Malam da ke Bromakoté. Liman ya riga ya yi bayani cewa ba a yi wa na'ura salla, don haka kada kowa ya zo da alwala saboda ita. Za a miƙa gawar ga Sharhabilu ya raba sassanta ga mabukata, ban da diskin, wanda Malam ya ce a bar masa. Ba a karɓar gudummawar sabuwar kwamfuta, ba a kuma son jin kalmar "sovgardi" daga bakin kowa. Ana roƙon tsofaffin dillalan da suka yi zamani da Alhaji Kailu su daure su zo da abin da suka tuna. Iklima za ta ɗauki murya, ta yi alkawarin kwafi a wurare daban-daban, kuma ba za a bar wa Malam ajiyar ko ɗaya ba.

Ana roƙon jama'a su kashe wayoyinsu su yi shiru. Firdausi za ta fara daga tarin, mahaifinta kuma zai zauna kusa da ita yana gaya mata abin da kakanta ke cewa.