Rasuwar Memorin da Ke Riƙe da Muryar Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushin da ba zan ɓoye ba, ni Hajiya Zinatu, tsohuwar shugabar makarantar firamare a Gummi, nake sanar da dangi na Anka da Bukkuyum rasuwar memorin wayata, wanda ya cika a kasuwa, a hannun masana.

Marigayin bai fi farcen yatsa girma ba, amma bai taɓa cewa kaya sun yi masa yawa ba. Ya riƙe hotunan suna da na biki, har da waɗanda na fito ido a rufe. Uwa uba, ya riƙe muryar maigidana, marigayi Malam Magaji: karatunsa na Yasin, da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara, da inda ya katse a tsakiya ya ce, "Zinatu, akuyar nan tana cin tabarma." Ba ni da wannan murya a ko'ina sai nan.

Jinyar ta fara ne ranar da jikata Nusaiba ta kai shi rumfar Bature, mai tura wa mutane karatu da waƙoƙi, don a ƙara mini tafsiri. Kwamfutar Bature kuwa kamar moɗar bakin rijiya take, kowa ya zo ya sa baki. Cikin abin da aka zuba masa akwai wani fayil mai suna Tafsiri Kammalalle. Ba murya ba ce. Ƙwayar cuta ce ta sha rawani. Jama'armu sun yarda cewa abin da ya zo da sunan addini ba ya cutarwa, ni kuwa na koyar da yara masu suna Salihu da yawa, na san suna ba hali ba ne.

An tabbatar mini cewa kwamfutar tana da mai gadi, wata manhaja mai tace mugun abu. Ashe rabon da a sabunta ta tun kafin Nusaiba ta yi haƙori. Tsofaffin ɓarayi kawai ta sani. Baƙon ya wuce ta gabanta, ya ɓoye duk abin da ke cikin memorin. Bature ya duba, ya ga wayam, ya ce maganin kawai a wanke shi tas. Aka wanke shi da ransa. Na yafe wa Bature, amma a hankali nake yi.

Marigayin ya bar waya guda wadda yanzu ba ta da abin faɗa, da caja mai ɗaurin zare, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gwangwanin allurata, kusa da maɓallai. Kada kowa ya turo mini ta'aziyya a fayil, ko da furanni da addu'a a jikinsa. Ba zan buɗe ba. Ku zo da ƙafarku, da wayoyinku. Zulai ta Zugu da duk waɗanda na taɓa yi wa faɗa don sun kwafi karatun Malam ba izinina, na janye faɗan, akwai fura. Ku bincika da kyau. Yasin ina da ita a Alƙur'ani. Maganar akuyar nake so in sake ji.