Wankin Dutsen Gwaggo Kawa

A wani daji da ke ƙarƙashin teku, Shugaba Ƙaguwa ya shaida wa majalisa cewa duk ɗan kawar da ya taɓa sauka garin nan, sunan shi Ƙaguwa ya ji ya zo. Aka tafa.

Gwaggo Kawa ba ta tafa ba, don ba ta da hannu. Shekara goma sha ɗaya tana manne jikin dutse ɗaya. Maƙwabtanta duk sun mutu, sai ɓawonsu a hangame. Ita kawa, wannan halittar ruwa mai ɓawo biyu, ba ta zuwa ziyara. In tana son abokin hira, sai dai ruwa ya kawo ƙanana su manne kusa da ita. Bana take sa rai.

Ƙaguwa ya gyara murya. "Jama'a, baƙi na tafe, ga duwatsunmu duk yauƙi. Abin kunya ne. Na kafa kwamitin tsabta, ni ne shugaba. A kankare ko'ina, mu ma kowa ya kankare jikinsa."

Gwaggo ta ɗaga ɓawonta kaɗan. "Ranka ya daɗe, yauƙin nan halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Su ke sakin wani sinadari cikin ruwa. 'Ya'yanmu ba sa gani, shi suke bi su gane inda za a zauna. Ni ma shi na biyo."

"Gwaggo, a wace makaranta aka koya miki wannan?"

"A nan inda nake zaune."

"To, mun ji. Allah ya ƙara lafiya."

Kwana bakwai ana kankara. Dutsen Gwaggo ya yi fes, har kifaye na tsayawa duba fuskarsu.

Lokaci ya yi. Ƙananan suka zo dubu-dubu, kamar an watsa garin gero a ruwa. Gwaggo tana jin wucewarsu ta samanta. Ta ce, "Ku sauko, 'yan nan, akwai wuri." Ta sake faɗa. Kwana uku suna wucewa, ko ɗaya bai sauko ba. Rana ta huɗu ruwa ya yi garau.

Sai ga Ƙaguwa ya zo zagaye, 'yan kwamiti na biye.

"Gwaggo, kwamiti ya bincika. Bana ba a haifi kawa ba a teku gaba ɗaya. Da an haifa, da ni zan fara sani."

Ya juya zai tafi. A tsakiyar bayansa, daidai inda hannunsa ba ya kaiwa, yauƙi ya yi kauri, ga 'yan kawa huɗu sun manne sun yi zamansu.

Gwaggo ta daɗe tana kallonsu.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "in ka samu sarari ka riƙa biyowa ta nan. Ba sai ka yi magana ba. Ka juya mini baya kawai."