Sallau da Takardar Biliyan Ɗaya

Wani mutum ne a Fagge, Sallau, mai tara takardun kuɗin ƙasashe a album kamar hotunan biki. Ga baki! Ka nuna masa kowace takarda, zai faɗa maka bankin da ya buga ta, da shekarar, har da abin da gwamnan bankin ya karya da shi ranar. Rabi duk shaci-faɗi ne.

Abu ɗaya ya tsone masa ido: tsohuwar fam ta zamanin Turawa da Baba Makau, wani dattijon majalisarsu, ya gada wurin mahaifinsa. Sallau ya yi roƙo, ya yi daɗin baki, tsoho ya ce atafau.

Ran nan ya tsinci wata takarda a hannun 'yan gwanjo, ja jawur, da hoton wani sarki mai gemu, sifili reras har tara. Bayan la'asar sai ga shi a majalisa yana tafiya ɗai-ɗai. Ya zaro ta, fat!

"Baba, biliyan ɗaya ce cur. Don dai kai ne, mu yi musaya da fam ɗin nan taka."

Baba Makau ya gyara tabarau. "Wane banki ya buga ta?"

"Wani babban banki ne can gabas. Ni da ƙafata na shiga! Layi har titi. Manaja ya jawo ni ofis, ya ba ni shayi, ya ce Sallau, ga kujerarka nan, duk ran da ka shirya ka dawo."

Jikin tsoho ya yi sanyi, ya laluba aljihu ya fito da fam ɗin. Sallau kuwa daɗi kamar ya taka rawa.

Sai Alhaji Tukur, ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zuwa ƙasar Sin saro atamfa, ya miƙo hannu. "Mu gani."

Kallo ɗaya ya yi mata ya tuntsire, har hula ta faɗi.

"Sallau, ka ce ka shiga bankin nan?"

"Sau biyu ma!"

"To wannan kuɗin matattu ne. A can ƙona su ake yi, wai a aika wa mamata guzuri. Bankin lahira ne!"

Majalisa ta kece. Wani har da birgima a tabarma.

Baba Makau ya mayar da fam ɗinsa aljihu, ya dafa Sallau.

"Sannu da hanya, ɗan nan. Ya ka baro mana su marigayi Baba?"