Ranar Da Na Yi Wa Gawar Bajamushe Liƙi

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa. Ko haƙorana sun zube ba zan taɓa mantawa da ranar wasan Hadiza ba.

Wani tsohon Bature ne ya zo nan Agege daga Jamus, yana koya wa matasa wasan daɓe. Baba Jamus muke ce masa. Hadiza, 'yata, ta ce tun yana saurayi yake kan dandamali a ƙasarsu. Ya fito a sarki, ya fito a mahaukaci, amma da iya mutuwa aka fi saninsa. (Na ce Allah mai iko, wani da mutuwa yake cin abinci.) Wannan ne wasansa na ƙarshe kafin ya ajiye sana'ar, kuma Hadiza ya zaɓa ta fito a 'yarsa. Wata uku tana haddace jawabin da za ta yi a kan gawarsa, har tuwo take ƙona min.

Za mu hau motar danfo ta ce, "Umma, don Allah ba gidan biki za mu ba. Shiru ake zama."

Na ce, "Ni za ki koya wa zama cikin mutane?"

To, Baba ya faɗi ya mutu, mutuwa mai kyau, har da shure-shure. Hadiza ta durƙusa ta fara magana, zaure ya yi tsit. Ni kuwa daɗi ya rufe ni, kuma a wajenmu wanda ya burge ki ba a barinsa haka nan. Ban san sa'ad da na rangaɗa guɗa na haye dandamalin ba. Na liƙa wa Hadiza kuɗi. Sai na ga bai dace a bar baƙo ba, na sunkuya na manna wa gawa a goshi.

Gawa ta fara girgiza. Ciki na sama yana ƙasa, can dariya ta ƙwace mata, zaure ya ɗauka. Hadiza ta kalle ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, na ɓata wa yarinya wahalarta.

Sai Baba ya tashi zaune, ya ce da 'yar Hausarsa, "Mama, na gode. Zauna." Ya koma ya sake mutuwa, takardar kuɗin tana goshinsa. Hadiza ta ɗauko jawabin daga farko, ta dire shi ba tuntuɓe, aka yi ta tafi.

Na dai koyi darasi: yanzu in za ni kallon wasa, a gida nake barin jaka. Bakin ne ban san inda zan bar shi ba. Ke tsakani da Allah, in 'yarki ce, ina za ki kai guɗar?